Baba Obadiah da Goɗiyar da Aka Ce Ta Haukace

Kafin ƙararrawar coci ta kaɗa da safe, Baba Obadiah ya riga ya hura wuta da ɗanyen ganye a ƙofar barga, hayaƙi na korar ƙudan tsando. Sai ya bi dawakin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kofato, ya shafa gadon baya, yana yi musu mita da yaren garinsu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki a wata gona bayan Manchok. Ƙarshen watan nan zai rataye linzami, don gwiwoyi sun ce sun gaji.

Dawakin gonar ba na sukuwa ba ne. Daga ƙasashen waje ake kawo su, an koya musu taku: su bi kiɗa, su gitta gefe, su tsaya cak, mahayi kuwa kamar bai motsa ba. Da dunduniya ake yi musu magana. Aikin Baba shi ne ya saba musu da zafinmu da ciyawarmu, sannan ya zaɓa wa kowanne mahayinsa. A nan yake shan baƙin jini. Mutum zai zo da sabon takalmi yana nuna dokin da ya fi sheƙi, Baba ya sa shi zagaya fili da ƙafa sau uku yana kallon tafiyarsa, ƙarshe ya haɗa shi da wani tsohon doki mai hamma.

Shekara biyu da suka wuce, mai gonar, Mista Henry, ya kawo wa matarsa Madam Faustina wata goɗiya daga Afirka ta Kudu. Bai tambayi Baba ba. Da Madam ta hau aka sa kiɗa, goɗiya ta rikice, ta yi hagu, ta yi dama, ta ja baya. Hawa na huɗu ta kayar da ita, hannun Madam ya yi targaɗe. Mista Henry ya ce dabbar ta haukace, ya kira masu kai dawaki kudu a yanka. Ranar Talata motarsu za ta zo.

Abin ya tsaya wa Baba a rai. Ranar Lahadi a coci, zumuntar mata suka tashi waƙa, idonsa ya faɗa kan ƙafar Madam. Dunduniyar na dukan ƙasa tare da kiɗan tulu. Aka zauna wa'azi, ba ta daina ba.

Afiniki mai girkin gonar tana wurin ranar Talata, ita ta ba ni labari. Mota ta riga ta juyo da baya lokacin da Baba ya cire hula.

"Oga, wannan doki ba shi da hauka. Ƙafan Madam ne."

"Baba, ka san da wa kake magana?"

"Na sani, Oga. In an sa kiɗa, ƙafanta yana bi. Doki yana ji an ce masa tafi, tsaya, hagu, dama, duka lokaci ɗaya. Ko ni ne zan yi fushi. In za ka sa shi a mota, sa ni tare."

Bai jira amsa ba. Ya ɗaura sirdi, ya hau da gwiwoyin nan nasa, ya ce a sa kiɗa. Goɗiya ta zagaya filin a natse, taku ɗaya bai kuskure ba. Madam ta sunkuya ta kalli tata ƙafar.

"Shekara ashirin ina buga ƙafan nan ma Ubangiji, Baba. Ba zan iya dainawa ba."

"Kar ki daina, Madam. Amma wannan doki ba naki ba ne. Zan nemo miki wanda bai damu ba."

Ta yi hawaye, ta yarda. Mota ta koma ba komai.

Baba, kai ne ka tsaya gaban mai ba ka abinci, ka gaya masa laifin na gidansa ne, a kan dabbar da ba za ta taɓa ce maka na gode ba. Mai haƙurin barga, mu mun gode. Ina jin kewarka tun ba ka tafi ba. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu.

Mu kuma da muka rage, masu aji da masu ofis da masu gida, kafin mu ce wani na ƙarƙashinmu ya lalace, mu fara duba abin da muke yi masa. Goɗiyar tana nan da ranta, da cikin wata bakwai, kuma Madam ce ke kawo mata rake duk Asabar.