Wa Zai Karɓi Alkamar, Stamen?

Ranar Talata, ashirin da biyu ga watan Afrilu, cikin makon Ista, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Stamen Doychev a gidansa da ke ƙauyenmu na Drenov Rat, yana da shekara tamanin da bakwai. Ni na fara sani. Da safe na leƙa ta taga kamar yadda na saba, ban ga hayaƙi a saman rufinsa ba. Mun daɗe muna gaisawa da hayaƙi kafin mu gaisa da baki: ya duba nawa, in duba nasa. Na ɗauki sandata na tsallaka hanya, na tarar da shi zaune a kujerarsa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Stamen, takardar sanarwar da aka liƙa a ƙofar coci ba ta ɗauki komai ba sai hotonka da sunanka, hoton ma na zamanin da kake da gashi ne. Shi ya sa ni Gergina, wadda ka shekara sittin kana tsokana, na zauna in rubuta sauran, ko da babu mai karantawa sai 'yarka.

Kowa ya san ka da dutsen tunawa da ke tsakiyar ƙauye, wanda aka sassaƙa wa sunayen mazan da suka tashi yaƙin 'yantar da ƙasa daga mulkin Turkawa, aka kashe su a bakin kwari cikin watan Mayu. Ba wanda ya naɗa ka mai kula da shi. Makiyayin tumaki ne kai, ka ajiye sanda ka ɗauki tsintsiya. Kai kake cire ciyawa, kai kake kankare gansakuka, kai kake bin haruffan da baƙin fenti duk bazara, kana yi kana zagin burushi. Sunan kakan mahaifinka yana can sama, na kakan mahaifina yana can ƙasa kusa da ciyawa, kuma ba ka taɓa bari na manta da haka ba.

"Naku fa shi ya zo ƙarshe, Gergina," in ji ka. "Da ganin gidanku an san makara gado ce."

"Naku ya riga kowa faɗuwa ne, tsoho, shi ya sa aka fara da shi."

Sai ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Amma na lura, duk shekara da sunan namu kake fara fenti, kana durƙushe a kan gwiwoyin nan naka masu ciwo, wai don shi ruwa ya fi ci.

Ranar bakwai ga Mayu ita ce ranarsu. Muna yara, filin nan ba ya ɗaukar jama'a. Mata su zo da tasoshin dafaffiyar alkama da zuma, maza su zo da ruwan inabi, a zuba wa gindin dutsen, a raba alkamar. Ka san ƙa'idar kamar yadda na san ta: alkamar mamaci ba ta isa gare shi sai wani mai rai ya karɓa daga hannunka, ya ci, ya ce, "Allah ya gafarta musu." Wanda ya dafa ba ya faɗa wa kansa. Dole a sami mai bayarwa da mai karɓa.

Daga baya ƙauyen ya soma zubewa. Aka rufe makaranta, aka rufe kanti, yara suka tafi Sofiya, wasu Jamus, 'yarka Nevena ta tafi Sifen. Takardun matattu a ƙofar coci suka fi masu karanta su yawa. A 'yan shekarun nan mu biyu muka rage. In miƙa maka, ka ci, ka faɗi kalmar. Ka miƙo mini, in ci, in faɗa. Wata shekara na ce mu watsa wa tsuntsaye ragowar, ka harare ni ka ce, "Tsuntsu ya iya addu'a ne?" Ka zauna ka cinye tasa guda, ka kwana biyu kana riƙe da ciki.

Ba zan manta da kai da Sabri ba, direban motar da ke kawo mana burodi duk Litinin. Baturke ne, Musulmi, daga ƙauyukan ƙetaren kogi. Ba ya ajiye mota ba ka tare shi ba.

"Ka ga dutsen can? Aikin kakanninka ne."

"To, Baba Stamen, ga jikansu ya kawo maka burodi. Ka ci ko in mayar?"

"Ajiye, ɗan nema. Jiya ma aka gasa shi, ina jin ƙanshin tsufa."

Haka kuke har ya tafi, aljihunsa cike da busassun 'ya'yan itacen da ka ɗura masa don yaransa. A hunturun da ya wuce na hango ku ta taga kun daɗe a jikin mota, ba dariya, kana magana yana gyaɗa kai. Na tambaye ka, ka ce maganar maza ce, in je in duba tukunyata.

An binne ka ranar Alhamis. Limamin coci ya zo daga gari, Nevena ta iso da idanu a kumbure, ta yi abin da ɗiya take yi wa uba, ta roƙe ni in bi ta ko in koma gidan tsofaffi a gari. Na ce sai na yi tunani. Kafin mako ya zagayo aikinta ya kira ta. Na tsaya a bakin hanya har ƙarar motarta ta ɓace, sannan na ji irin shirun da ban taɓa ji ba. Ina faɗa maka a fili, Stamen, na ji tsoro, kuma na yi fushi da kai.

Bakwai ga Mayu ta faɗo ranar Laraba. Tun jajibere na jiƙa alkama, hannuna ne ya yi, ban shawarce shi ba. Da hantsi na ɗauki tasa da kwalbarka ta ruwan inabi na tafi filin. Na zuba wa gindin dutsen, na kira sunayensu daga ƙasa zuwa sama, tunda ba ka nan balle ka hana. Sai na tsaya riƙe da tasa. Na dubi hagu, inda kake tsayawa. Tun ranar da aka kashe mutanen nan ba a taɓa fasa ba su alkamarsu ba, ko a shekarun yaƙi, ko a zamanin da hukuma take hararar duk abin da ya shafi coci. Ga shi abin zai yanke a hannuna. Na zauna a kan dakali, alkama tana hucewa a cinyata, na yi kukan da ban yi ba a bakin kabarinka.

Rana ta kusa tsakiya na ji ƙarar mota tana hawo tudu. Sabri ne, ba ranarsa ba, motar ma babu burodi a ciki. Ya sauko ya cire hula.

"Inna Gergina, ki yi haƙuri, taya ce ta yi mini faci a hanya."

"Yau Laraba ce, Sabri."

"Na sani. Tsohon nan ne ya sa na rantse masa tun cikin sanyi. Ya ce in ya riga ki tafiya, in zo ranar nan ko ana ruwan duwatsu. Ya ce ke ba za ki roƙi kowa ba, taurin kai gare ki."

Ya miƙo hannu biyu. Na zuba masa, ya ci, ya dubi sunayen nan ya ce, "Allah ya gafarta musu." Na sake zuba masa, na ce wannan na Stamen ne. Ya ci, sannan ya sake faɗin kalmar.

Bai zauna ba, aiki yana jiransa. Da zai shiga mota ya ce baɗi ma zai zo. Sai dai mai karɓa ka tanadar mana, Stamen, mai dafawa kuwa ni kaɗai ce, kuma shekaruna ba su fi naka ƙanƙanta da yawa ba. Na aika wa Nevena cewa ba zan koma gari ba.

Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ƙasa kada ta yi maka nauyi. Ya sada ka da matarka Rayna da mazan da ka yi wa hidima, na sama da na ƙasa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nevena da mijinta da 'ya'yanta, Allah ya ba su haƙuri, ya sa wata rana su zo su ga inda kakansu yake durƙusawa. A nan ƙauye babu wanda zan yi wa gaisuwa, babu kuma mai yi mini.

Har yanzu ina hura wuta da sassafe, ko da babu sanyi. Na san babu mai duba hayaƙin.