Alkukan da Na Ce na Kakana Ne

Ni ne na sa 'yan sanda suka kama uwata a wurin aikinta, a gaban tsofaffin da take kula da su, saboda alkukai biyu na ɗora kyandir da ba ta ma san na sata ne ba. Na yi zaman gidan yari a kansu. Na faɗa tun farko ne don kada wani ya karanta rabi ya ce gayen nan ya iya harka.

Yau sakamakonmu ya fito, na haye shekarar farko a uni, jami'a guda! Ni fa! Ina saman bas mai bene a Wilmslow Road ina ta washe baki ni kaɗai, har wata Baturiya ta canja kujera. Na ciro waya zan yi ta zuba murna, sai na ga wannan ne ya kamata in rubuta muku, ƙannena. Ku yi haƙuri da rubutun, da babban yatsa nake bugawa.

A unguwar Ardwick na tashi, nan ƙasar Turawa, ni da Mama a wani ɗan flat. Babana ya rasu ina ƙarami. Mama aikin kula da tsofaffi take yi, kuma kowa a cocinmu ya san ta, ita ke jan waƙa a zumuntar mata. Ni ne ɗan fari, saboda haka ko sunana ba ta kira, "ɗan nan" take ce mini. Ni nake kaɗa mata ganga ran Lahadi. Yaron kirki ne ni, ba cika baki ba.

Sai aka shiga shekarun yanke-yanken kuɗin gwamnati. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin da muke taruwa bayan makaranta, aka rage wa Mama awoyi, ni kuma na bar kwaleji na bi wani mai motar van da ke kwashe kayan gidaje. In tsoho ya mutu ko aka kai shi care home, gidan kula da tsofaffi, mu ake kira. Abin da na fara ɗauka cokali ne, ƙaramin cokalin shayi na azurfa. Babu wanda ya tambaya. Sai agogo. Sai zobe. Kowane lokaci ina ce wa kaina mai shi ai ya tafi.

Wata rana aka kira mu gidan wata tsohuwa da ta fara ruɗewa, za a kai ta care home. Kujeru da gado kawai aka ce mu fitar, sauran kayan 'yar ƙanenta za ta zo daga baya ta duba. A ɗakin cin abinci na gan su. Alkukai biyu, kowanne wani jariri mai fukafukai ya ɗaga rassa sama, launin zinariya amma mai duhu-duhu, ga nauyi kamar me. Tsohuwar tana zaune a bakin ƙofa da jakarta a cinya lokacin da na wuce da su naɗe cikin bargo. Ta yi mini murmushi, ta ce in yi hankali da matakala.

Akwai wani dillali a Erdington, can Birmingham, da nake kai wa ƙananan kaya. Mai Zobe nake ce masa, don duk yatsunsa zobba ne. Da ya buɗe bargon sai ya tashi ya kulle shagon, da rana tsaka. Ya ce tagulla ce da aka yi wa ruwan zinariya, aikin Faransa, sun girmi kakan kakana. Na fara rawar kai. Ya ce in zauna.

"Irin wannan ba ƙarfen ake saye ba," in ji shi. "Wa ya mallake su, daga hannun wa zuwa hannun wa, shi ake saye. In babu wannan, babu gidan gwanjon da zai taɓa su." Ya ƙare mini kallo. "Ku can Afirka, Faransawa sun zauna kusa da ku, ko? Wa zai je can ya bincika? Samo mini tsohuwa mai mutunci."

Ban yi dogon tunani ba, abin da har yau ke ba ni tsoro ke nan. Baban Mama ya yi wa Turawa kuku da gaske, har Damagaram ya yi aiki kafin ya dawo Jos. Sai na ɗora ƙaryata a kai: wai wani jami'in Faransa ne ya ba shi su da zai koma gida. Mai Zobe ya ce a kai su gidanmu su zauna, a yi musu hotuna a falo, su saba da wurin.

Na kai wa Mama. Na ce Kawu, ɗan'uwanta da ke gida, shi ya aiko ta hannun wani, an same su a tsohon akwatin babansu, amma ya ce kada ta kira kowa a gida, don kar rigimar gado ta tashi. Na zaci za ta ce to, madalla, ta wuce kicin. Zama ta yi a ƙasa. Ta shafa fuskar jaririn nan da yatsa, ta ce, "Ɗan nan, ko hularsa ban samu ba da ya rasu. Ashe ya tuna da ni." Ta yi kuka har ta gode Allah. Ina tsaye ina ɗaukar hoto.

Ga inda lissafina ya kwaɓe. Na hana ta gaya wa dangi, ta kuwa riƙe. Amma ban yi tunanin Mama ba za ta iya karɓar alheri ta ƙi yin godiya a gaban jama'a ba. Ranar Lahadin godiya ina kan ganga sai na hango ta tana shigowa da rawa, matan zumunta biyu a bayanta, kowacce riƙe da alkuki. Ta karɓi makirufo ta ba da shaida: babanta, Damagaram, Bature, akwati, duk yadda na tsara mata, har da ƙarin abin da ta tuna game da shi. Coci ya ɗauki guɗa. Wayoyi duk a sama. Wata mama ta dafa ni ta ce, "Jikan kuku, ashe ku manya ne kuka ɓoye mana!" Na ci gaba da kiɗa.

Na kira Mai Zobe ina tsammanin zai yi faɗa. Dariya ya yi. Ya ce wannan ya fi hoto, yanzu coci guda ne shaidarmu. Sai ya ce, a hankali, "Ka lura fa, sunanta ne a kai, ba nawa ba." Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Amma ban tsaya ba. Na ce wa Mama za a kai su a yi musu inshora, ta sa hannu inda na nuna mata ba tare da ta karanta ba. Suka tafi gidan gwanjo da sunanta.

'Yar ƙanen tsohuwar ta daɗe tana duba hotunan kayan gwanjo. Ta gan su. 'Yan sanda suka duba sunan mai kaya, suka ga mai kula da tsofaffi ce, ga bidiyonta tana cewa na babanta ne. Me kuke tsammani za su ɗauka? Aka dakatar da ita daga aiki nan take, aka ce za a bincika duk gidan da ta taɓa shiga.

Na same ta a ofishin 'yan sanda da rigar aikinta. Ko a jikinta. "Kwantar da hankalinka, ɗan nan," ta ce. "Kuskure suka yi. Na ba su lambar Kawunka, rigimar gado ta taso in za ta taso. Kayan ubana ne, zan rantse a gaban alƙali." Kuma da ta rantse. Na kira Mai Zobe, layin ya mutu. Na tsaya a waje ina kallon bas-bas na wucewa, na san zan iya hawa ɗaya in ɓace. Na koma ciki na ce wa ɗan sandan da ke kan tebur ina da magana.

A kotu ne na ji tarihinsu na gaskiya. Surukar tsohuwar ce ta gudo da su daga Faransa lokacin yaƙi, a naɗe cikin kayan jariri, su kaɗai suka rage daga gidansu. A kowane hoton aure na danginsu suna nan. Tsohuwar ta manta sunayen mutane amma ta yi ta tambayar alkukanta a care home, ana ce mata ta ruɗe ne. Ta rasu kafin a mayar mata da su.

An wanke Mama, amma wancan aikin bai dawo ba. Ta daɗe ba ta zo ganina a gidan yari ba. Ranar da ta zo, na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Ta zauna ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Akwatin ma babu shi?" Na ce babu, Mama. Ta gyaɗa kai. "To. Bai bar mini komai ba ke nan." Ta ciro mini Littafi Mai Tsarki da aka yarda ta shigo da shi, ta tambaye ni ko ana ba mu abinci mai zafi.

A ciki na koma karatu, na fito, na tuba, kuma ina kan tuba. Mama ta koma coci, amma a baya take zama, ta bar jan waƙa. Wannan ba ni da yadda zan mayar mata.

Ƙannena, na san ana cikin matsi, na san yadda ake ji in kowa na da sabon takalmi ban da kai. Amma kayan da ka samu a gidan wani na wani ne, ko ya mutu, ko ya ruɗe. In babba ya ce maka sunan wani kawai yake so a ara, ka tashi ka bar wurin, don ya riga ya zaɓi wanda za a kama. Kuma kada ka taɓa sa iyayenka su sa hannu a abin da ba su karanta ba.

Bas ɗina ya iso, zan sauka in kai mata sakamakon. Don Allah ku tura wannan wa duk wani yaro namu da kuka san ya fara shigowa gida da kayan da ba a san inda ya samo ba.