Agogon Gwadabe a Ranar Su

A gidan su Gwadabe kowa masunci ne, tun daga kakansa har yayansa Bakari, wanda yanzu shi ne Sarkin Ruwan ƙauyenmu a ƙasar Kirikasamma. Shi kaɗai Allah ya yi da tsoron ruwa. Tare muka tashi, kuma ni shaida ne: ko ruwan da bai wuce gwiwa ba Gwadabe sai ya zagaye shi. Yana da shekara goma sha biyar ya tattara ya koma Haɗejiya koyon gyaran rediyo, ya zauna a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa shi da ƙarfen dalma. Yau shekara talatin da biyu ke nan.

Kowace bazara in an zo yin su, wato ranar da ake faɗa wa tafki gaba ɗaya da koma da gora, yakan zo ya tsaya nesa kamar baƙo. Mata su yi ta tsokanarsa, "Ɗan masunta, ko a kawo maka ruwa a buta ka yi iyo?" Yakan yi dariya, amma na san abin yana cinsa. A al'adarmu duk wanda bai yi aikin su ba ba shi da kaso, ko da ɗan gidan ne. Bai taɓa komawa Haɗejiya da kifin tafkin ubansa ba sai wanda ya saya.

Tafkin namu ne mu da mutanen hayi, waɗanda Modu ke shugabanta. Bara aka sa ƙarfe goma, sai mutanen hayi suka riga mu shiga, wai wayarsu ta ce goma ta yi. Tamu kuwa saura minti uku. Minti uku a su ba wasa ba ne, don manyan kifaye a nan suke ƙarewa. Saura kaɗan a ba hammata iska. Ana cikin sulhu Gwadabe, wanda ba a ma gayyace shi ba, ya ɗaga hannu ya ce zai ƙera agogo guda da kowa zai gani daga gaɓarsa. Aka yi dariya, aka ce ya je ya yi.

Wata huɗu ya yi a kansa. Ya bi gida gida yana tsintar matattun fitilun caji, ya ciro ƙwayayensu ya jera a allon katako, suka ba da lambobi huɗu, kowace ta kai kamu guda. Ya sa masa batirin babur da madanni biyu, ɗaya na awa ɗaya na minti. Ranar da ya kunna mini shi a rumfarsa sai da na yi kabbara! Ya ce, "Haruna, aibinsa biyu. In an cire batir sai ya koma sha biyu. Sannan gaba kawai yake tafiya, in ka zarce da minti ɗaya sai ka zagayo sittin."

Ranar su tun da hantsi muka kafa shi a bakin tafki, inda gaɓa biyu suka haɗu. Jama'a ta cika maƙil, kowa da komarsa a kafaɗa. Gwadabe ya haɗa batir, ya saita, ya ja baya yana murmushi. Sai muka ji daga hayi ana ihu, "Ina agogon? Ba mu ga komai ba!"

Na ja da baya taku ashirin na duba. Wallahi allo ne fari fat. Mutumin nan wata huɗu yana gwaji a cikin inuwar rumfa, ko sau ɗaya bai fito da shi rana ba. Takaici ya kama ni, har na so in make shi. Ga shi kuma saura kwata goma ta yi.

Matarsa 'Yar'azumi, mai bandar kifi, ita ta cece mu. Ta zo da ƙaton akwatin kwanon da take banda a ciki, wanda hayaƙin shekaru ya mayar da cikinsa baƙi ƙirin. Ta ce, "Malam, wutarka rana take tsoro. Sa ta a nan." Mu huɗu muka kwantar da akwatin a kan amalanke, bakinsa na kallon ruwa, muka tura agogon can ciki. Lambobi suka fito ɓaro-ɓaro! Gaɓa biyu suka ɗauki sowa. Sai dai garin turawa wayar batir ta zame, ga shi yana ƙyafta sha biyu.

Bakari da Modu suka iso a tare, kowa ya miƙo wayarsa, kuma har yanzu minti ukun nan na tsakaninsu. Na ce a raina, shi ke nan, rigimar bara ta dawo. Gwadabe bai kalli ko ɗaya ba. Ya ce, "Yaya, ku mayar da su aljihu. Yau abin da wannan ya faɗa shi ne lokaci. Kai danna awa sau tara. Baba Modu, kai ne da minti, ka tsaya a hamsin da biyar."

Bakari ya danna, jama'a na ƙirga masa da ƙarfi. Modu kuwa ya ɗora babban yatsansa ya ƙi ɗagawa, lambobi suka ruga a guje har suka wuce. "Kai, mai da shi baya!" in ji shi. Gwadabe ya ce, "Ba ya komawa, Baba. Zagayo, a hankali." Dattijon ya shiga danna ɗai-ɗai yana gumi, mutanenmu da nasa suna ƙirga tare suna dariya. Da ya kai hamsin da biyar ya cire hannu kamar ya taɓa garwashi.

Ban taɓa jin tafkin nan ya yi tsit haka ba. Hamsin da takwas. Hamsin da tara. Wani ya ɗaga ƙafa, na kusa da shi ya janyo shi. Lambobi suka juye, goma cif, sai ruwa ya tashi fari daga gaɓa biyu lokaci guda! Ni kaina ban san sa'ad da na faɗa ba.

Da na fito na tarar da Gwadabe yana tsugune gindin amalanke, ya riƙe wayar batir da yatsu biyu kada ta sake zamewa, alhali aikin agogo ya ƙare tuni. Sai ga Bakari jiƙe sharkaf, ɗauke da tarwaɗar da ta kai cinyata. Ya dire ta gaban ƙaninsa.

Gwadabe ya ce, "Yaya, ai ban shiga ba."

"Wa ya shigar da mu?" in ji Bakari. "Kasonka ne, ɗauki."

Ya saki wayar don ya karɓa da hannu biyu, agogo ya mutu, ba wanda ya kula. 'Yar'azumi ta miƙo hannu ta ce a kawo ta yi bandarta. Ya ce a'a, a bari tukuna. Haka ya rungume ta ɗanya, rigarsa duk yauƙi, ya bi ta gaban matan nan masu tsokanarsa a hankali, ya sake dawowa ta gabansu.