Jamus a Ƙofar Ɗakina

Ko sunana zan manta, ba zan manta daminar da kakan mijina ya yaƙi Jamus a ƙofar ɗakina ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, muna Saulawa, ina da ƙaramin ciki, na fari. Sai wasu jajayen ƙuraje suka bi yaran unguwa, kwana kaɗan su baje. Da muka je Ikara, malamar asibiti ta gaya wa mijina ƙyandar Jamus ce. Ba ta cika wahalar da yara ba, amma in ta kama mai sabon ciki tana iya taɓa kunnen ɗan, ko idonsa, ko zuciyarsa. Ta ce a raba ni da masu ƙurajen.

Da muka dawo gida mijina zai yi bayani, ya ji nauyin ambaton ciki gaban manya, sai ya yi ta inda-inda. Kakan nasa kuwa ya yi dakon kayan soja a Kamaru yana saurayi, lokacin da aka yaƙi Jamus a can, ga shi kunne ya yi nauyi. Abu biyu ya tsinta: Jamus, da ni.

"Jamus? A kan amaryata? Ashe ba su daddara ba!"

Ya sha ɗamara, ya jawo wata tsohuwar bindiga adaka da ko ɓera ba ta kashewa, ya kafa kujera a ƙofata. Duk yaron da ya doso sai ya daka masa tsawa: "Tsaya nan, ɗan leƙen asiri! Wa ya aiko ka?" Har mai tallan ƙosai sai da ta kifar da farantinta. Ni kuma kunyar cikin fari ta ɗaure mini baki, in ce masa me? Ina ɗaki ina dariya har da hawaye, amma wallahi tsoro na cin raina.

Ranar suna mai kalangu ya buga, 'yata ta firgita ta tsala ihu. Ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba.

Ƙawata ta bayan gida, da muka yi goyon ciki tare, ita ta yi jinyar ƙannenta masu ƙurajen. Ɗanta kurma aka haife shi.

Lokacin babu allurar rigakafin ciwon, yanzu akwai. Na koyi cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Shi ya sa in masu allura suka zo, ni ke fara jan jikokina, maza da mata, don har yau ina ganin ƙawata tana ƙwala wa yaronta kira, yana tafiya bai waiwayo ba.