Sikelin Bature da mutanen Maraɗi

Ranar Talata aka haifi Bature a Funtua, a unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, shi ya sa ake kiransa haka, ba don fari ba, domin baƙi ne wuluk. Shi ne ɗan fari, saboda haka mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, ba ta taɓa kama sunansa ba. In tana nemansa sai ta ce "kai wannan", shi kuma ya amsa. Har ya fara furfura yana amsawa.

Tun yana saurayi ya shiga aikin awo a kasuwar auduga. Manomi zai kawo ƙunshinsa, Bature ya rataya a ƙugiyar sikeli, ya jira allura ta daina rawa, ya faɗi nauyi da ƙarfi. Aikin ya shiga jikinsa har ya zama ba ya iya riƙe abu bai kimanta shi ba. In aka miƙa masa jariri ranar suna, sai ya ɗan ɗaga shi sama ya sauke, ya gyaɗa kai, sannan ya tuna ya yi addu'a. Da aka kawo sabon sikeli kasuwa aka yar da tsohon, shi ya roƙa aka ba shi, ya rataye shi a zaure yana shafa masa baƙin mai. Matarsa Hansai takan ce da sikelin na cin tuwo, da shi za a fara zuba wa.

Yana da ƙanwa guda, Sabuwa, wadda ke aure a Maraɗi ta ƙasar Nijar. A shekarar da mulki ya koma hannun farar hula, Inna ta fara ciwon gwiwa, ta kuma ɗora wa Funtua laifin gaba ɗaya: danshin ƙasa, hayaƙin jirgi, da tuwon dawa mai kwanta wa mutum a ciki kamar dutse. Ta ce a Maraɗi gero ake ci, nono ake sha, tsofaffi ma da sauri suke tafiya. Ba ta taɓa taka Maraɗi ba. Labarin duk daga bakin 'yan ci-rani ta ji shi, masu kawo mata ruwa a garwa. Wata safiya ta fito da kwallayenta ta fara wankewa, ta ce wajen Sabuwa za ta koma ta ƙarasa kwanakinta.

Bature bai taɓa kwana a gidan da babu Inna ba. Ko lokacin da aikin awo ya kai shi Dandume, kullum sai ya hau keke ya dawo. Gardama da ita kuwa ba ya iyawa, don haka ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya roƙi abu guda: ta bari ya auna. In mutanen Nijar sun fi na Funtua lafiya da jin daɗin jiki, shi da kansa zai ɗora mata kaya a mota. In kuwa na nan suka fi, ta mai da kwallayen ma'ajiyarsu. Inna ta dube shi ta gefen ido ta ce ta yarda, dama tana son ta ga ranar da wannan ƙarfen zai yi wa wani amfani.

Ya fara da neman shawarar abokinsa Okwudili mai kemis, haifaffen Funtua, wanda Hausarsa ta fi ta wasu dillalai kaifi. Okwudili ya ce nauyi kaɗai ba shi ne lafiya ba. Wasu ɗaliban jami'a sun taɓa tsayawa a shagonsa, ya ji irin abin da suke tambayar mutane: ko kana iya tafiya, ko kana wanka da kanka, ko kana iya aikinka, akwai ciwo, akwai damuwa. Bature ya haddace tambayoyin, ranar kasuwa ya tsaya bakin tasha yana tare mutane, ɗan gari da baƙo.

Kowa ya ce lafiya lau. Wani mutumin Maraɗi da ya ɗaure muƙamuƙinsa da tsumma, kuncin ya kumbura kamar ya ɓoye goriba, ya ce lafiya lau, sai godiya. Wani tsohon Funtua da aka kawo a kan jaki, aka sauke shi mutum biyu na tallabe da shi, ya ce shi kam alhamdu lillahi, ba abin da ke damunsa. Da Bature ya matsa masa da maganar ƙafafunsa da ba sa ɗaukarsa, tsohon ya ɓata rai ya ce shi ba zai tsaya a tsakiyar tasha yana kai ƙarar Ubangiji wajen mai awon auduga ba. Kafin la'asar ƙasashen biyu sun yi kunnen doki, babu mara lafiya ko ɗaya daga nan har bakin hamada.

Okwudili ya ce ai shi ya san ƙarya ne, rabinsu shi ke ba su maganin ciwon baya. Bature ya ce shi ya sa bai yarda da baki ba. Allura ba ta jin kunya.

Kasuwa ta gaba ya rataye sikelin a reshen tsamiyar bakin tasha, ya ɗaura buhu a ƙugiya yadda mutum zai zauna ciki ƙafafunsa na lilo. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwa don ta gani da idonta. Abin da Bature bai lura da shi ba shi ne, lokacin damina ta kusa, 'yan ci-rani na shirin komawa gida, kuma a tasha kaya ake aunawa kafin a yanka musu kuɗin mota. Da suka ga sikeli da buhu, sai magana ta zaga cewa bana har fasinja aunawa za a yi. Nan da nan aka fara tuɓe rawani, ana ajiye takalma da layu, wasu suka fasa shan furar da suka dama. Wani dogo ya shiga buhu ya fitar da numfashinsa duka, ya riƙe har idonsa ya yi ja.

Mutanen Funtua kuwa manoman auduga ne. Tun kakanninsu, duk abin da za a rataya a ƙugiya ana ɗan taimaka masa: a yayyafa ruwa, a tura tsakuwa a tsakiya. Babu wanda ya umarce su, babu ma wanda ya san me ake nema, hannu ne kawai ya yi abin da ya saba. Wannan ya zagaya bayan tsamiya ya dawo aljihunsa na rinjaye, wancan ya shanye kwaryar ruwa a tsaye. Bature, wanda ya yi shekara da shekaru yana tono duwatsu daga cikin auduga, yau ya ga manyan riguna na ja ƙasa ya kau da kai. Yana faɗin nauyi da murya mai daɗi, yana satar kallon Inna. Duk ɗan Funtua da ya shiga buhu sai reshe ya sunkuya.

Ɗanasabe ne ya ɓata aikin. Maƙwabcinsu ne, siriri kamar sillen kara, amma da ya zauna a buhu allura ta wuce inda ta tsaya wa mahaucin unguwa. Yana fitowa aljihun ya yage, ɗan dutsen niƙa ya faɗo a kan babban yatsan ƙafar Bature. Inna ta miƙa wuya ta duba. Nata ne, wanda ta yi kwana da kwanaki tana nema.

"Kai wannan," in ji ta, "ɗauko min dutsena. Shi ma da shi zan tafi."

Bature ya kawo yana ɗingishi. Okwudili ya tambaye shi ya ƙafar, ya ce lafiya lau.

Inna ta ce awo ya ɓaci, magana tana nan yadda take. Sai dai ta riga ta shuka kuɓewa a bayan ɗaki, ba za ta bar wa awaki ba, don haka sai kaka. Bature ya yi daminar nan jikinsa a sanyaye. Ya daina shafa wa sikeli mai. Ko kabewa aka ba shi ya riƙe, sai ya riƙe ta kawai.

Kaka ta yi, aka ɗaure kwallaye da dutsen niƙa, aka kai tasha. Suna jiran mota ta cika sai ga wata babbar mota daga arewa ta tsaya, aka fara sauke tabarmi, tukwane, akuya, da yara bi da bi. Daga ƙarshe Sabuwa ta sauko, mijinta na biye da ita ɗauke da gado a ka.

Bayan gaisuwa ta yi bayani. 'Yan ci-rani sun koma Maraɗi da labarin da ya cika gari: wai a Funtua ƙoshi ya kai inda za ka ga tsoho kamar iska za ta ɗauke shi, amma in an auna shi ya fi buhun gero. Wai ƙibar tasu a cikin ƙashi take. Da idonsu suka gani, a kan sikelin hukuma. Mijinta ya ce ba zai zauna yana kallon 'ya'yansa kamar tsinke ba alhali surukansa na can suna karya reshe, ya sayar da rumfarsa suka taso.

"Yaya," in ji Sabuwa, tana duban Bature sama da ƙasa, "kai ma taka a ƙashin take?"

Inna ta daɗe tana kallon motar Maraɗi, inda yanzu ba ta da kowa. Sannan ta ce wa "wannan" ya kwance kayan, ya kuma yi a hankali da dutsen.

Inna ta ƙara shekaru masu yawa a Funtua, gwiwar ba ta daina ciwo ba, ita ma ba ta daina zagin danshi ba. Bature ya ba su Sabuwa ɗakin zaure, sikeli ya koma rumfar awaki. Duk da haka duk ranar Juma'a yakan fito da shi ya rataya 'ya'yan Sabuwa ɗaya bayan ɗaya, ubansu na tsaye yana jiran ya ga ko ƙibar ta fara shiga ƙashi. Kafin kowane yaro ya shiga buhu, Bature sai ya laluba aljihunsa tukuna, domin tun kakar farko yaran suka zama 'yan gari.