Ranar da Na Buɗe Tagogin Malam

Tun da Malam, maigidana, ya rasu ban sake buɗe tagogin ɗakinsa ba. Har tsumma na cusa a ƙasan ƙofa, don ƙamshin turarensa na nan a labule da katifa da manyan rigunansa, kuma shi kaɗai ya rage mini a gidan nan na unguwar Barunde. Yara sun watse, wannan Abuja, wancan Kaduna, sai waya ranar Juma'a. A ɗakin nake kwana, a nan nake salla, a nan nake cin tuwona ni kaɗai. Haka na yi shekara biyu.

Wata rana da hantsi wata malamar jami'a ta yi sallama, tana bin gida-gida. Ta ce suna auna wata iska mai suna radon, wadda ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa ta bi tsagar siminti ta taru a ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi, amma in mutum ya yi shekara da shekaru yana shaƙarta tana iya jawo masa kansar huhu.

Na ce, "'Yata, shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, ban taɓa jin wannan ba."

Gaskiya na yarda ne kawai don ta zauna ta sha ruwa, na daɗe ban yi baƙo ba. Ta ajiye wani ɗan abu baƙi kamar gwangwanin man zafi a falo, wani a kan kabad ɗin Malam, ta ce kada a taɓa sai bayan wata uku. Har gaishe da ɗan gwangwanin nake yi da safe. Kaɗaici ba abin da ba ya sa mutum.

Da lokaci ya yi ta zo ta ɗauka, bayan 'yan makonni ta dawo da takarda. Falo lafiya lau, amma ɗakin Malam abin ya yi yawa. Ta durƙusa ta ɗaga ledar ƙasa, sai ga tsaga tun daga ƙafar gado har bango.

Ta ce, "Mama, a kira birkila ya toshe wannan. Tagogin kuma a riƙa buɗewa kullum."

Na ce, "In na buɗe, ƙamshinsa zai fita."

Ta ce, "Mama, ke ce a ciki yanzu."

Raina ya ɓaci, ko rakiya ban yi mata ba. Yarinyar da na haifi kamarta za ta shigo ta tsara mini zama a ɗakin mijina? Kwana uku ina fushi, ba ma wanda zan yi wa. A na huɗu ina ninke sallaya sai na tuna ashe Malam da kansa ne ke buɗe tagogin nan kowace safiya in ya dawo masallaci, yana tsokanata wai so nake in dafa shi da ransa. Ni ce na rufe abin da bai taɓa rufewa ba.

Sakatar tagar ta yi tsatsa, sai da na ɗiga mata man gyaɗa na buga da taɓarya. Iska ta shigo, da ƙarar keke, da ƙamshin ƙosan maƙwabta. Birkila ya zo ya yi aikinsa ya tafi.

Bayan mako guda na kai hancina jikin labulen, na ji labule ne kawai. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba tun ranar bakwai. Washegari da na idar da asuba na tashi na buɗe tagogin.