Jaye, Mai Kai Shanu Duniyar Wata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Jaye Habu, marubucin labaran gobe, a gidansa na Cadawa, bayan gajeruwar jinya.

Jaye, na zauna in yi kuka a takarda, sai dariya ke kwace mini alƙalami. Tun muna lakol, wato makarantar boko, kake faɗa mana yadda garinmu Gazawa zai zama bayan jikokin jikokinmu. Da ka girma ka zuba abin a littattafai: makiyaya masu tatsar gajimare, amalanke mai tashi sama, rijiyar da ke gaishe da mai ɗiba. Na karanta su duka, ina murna kamar ni na rubuta.

Ranar kasuwa kakan karanta sabon babi a rumfar mai shayi. Da yake ba a tatsuniya da rana, sai ka fara cire gashin ido ɗaya ka ce ka ɗaure Gizo. Muna yi maka tsiya cewa kafin ka gama littafi idonka zai koma sanƙo. Wanda bai iya karatu ba, kai ne idonsa, kuma ba ka taɓa gajiya da maimaita masa ba.

Abu ɗaya ya ci maka rai. Mahaifinka, Baffa Habu, makiyayi ne da bai yarda da wannan sana'a ba. Ya ce ɗansa ya bar sanda ya kama sayar da ƙarya. Ka sha gaya mini cewa da yabon duniya duka, gara kalma ɗaya daga bakinsa. Littafinka na ƙarshe, wanda ake karantawa a rediyo, domin shi ka fara: wani tsoho da fari ya kora, ya ɗauki garkensa zuwa duniyar wata. Ba ka gama ba.

Bayan jana'iza Baffa ya riƙe hannuna, ya ja ni gefe.

"Ridwanu, kai ne abokinsa. Shanun nan da ya kai wata, sun samu ruwa kuwa?"

Ashe bai taɓa barin karatun rediyon nan, ko na mako ɗaya, ya wuce shi ba. Na ce masa sun samu, Baffa, har da ciyawa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yaron ya iya kiwo."

Allah Ya jiƙanka, Jaye, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ga Baffa Habu, da matarka Salima, da 'ya'yanka, Allah Ya ba ku haƙuri.